Teburin Baba Ya Ƙi Fita

Tun hayar ofis na da sauran watanni Injiniya ta fara shirin tashi, don ita a duniya ba ta son aikin gaggawa. Ofishin zanen gine-gine ne da ta gada daga mahaifinta, ya yi musu kaɗan har ma'aikata na gogar kafaɗa. Ta samo wani mai faɗi a saman bene, ta gaya wa mai ginin ba za ta sabunta ba, shi kuma ya ba wani haya.

Awo kuwa, kada ka so ka gani! Ita da abokin aikinta Dogo sun auna ƙofar sabon ofis, da matakala, da kwanar matakala, duk saboda katafaren teburin zane na marigayi Baba. A kansa ta koyi jan layi. Ta rantse ko me za a bari a baya, teburin nan ƙafarta ƙafarsa.

Ranar tashi masu ɗaukar kaya suka cicciɓo shi suka nufi ƙofa. Ƙememe ya ƙi fita. Aka karkata shi, aka miƙar da shi tsaye, aka cire ƙyauren, duk a banza. Gwanayen awo sun auna ko'ina ban da ƙofar da suke shiga kullum. Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki, wai a kawo zarto. Injiniya ta galla masa harara, amma idonta ya ciko. Hankalinta ya tashi ƙwarai, ga shi washegari sabon ɗan haya zai karɓi makulli.

Ana cikin haka sai ga Mama, ta zo yi wa ofishin mijinta sallama. Da ta ji abin da ake ciki, ta sa aka kife teburin. Ashe babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, turakun katako ne ke riƙe da shi. Ta ce a ɗakin nan aka haɗa shi, tana tsaye tana kallo, Injiniya na goye a bayanta.

"Na tambayi babanki me ya hana shi buga ƙusa," in ji Mama. "Ya ce wata rana ɗakin nan zai yi wa yarinyar nan kaɗan."

Injiniya ta share hawaye tana dariya, ta ce Dogo ya manta da zarto, ya miƙo guduma. Turken farko ita ta fitar da shi da hannunta.