Kalar Zanen Miriyam

Matashin kai na huɗu ke nan Angelina take farkewa da reza, tsakar gida duk ya cika da ƙyallaye. A'i maƙwabciyarta ta shigo rungume da nata guda biyu, tsofaffi, sun yi lakwas don daɗewa.

"Maman Doreen, waɗannan fa su ne kika ba ni lokacin bikina. In kin farke, ke za ki ɗinke."

"Zan ɗinke. Kawo nan."

Angelina tela ce, shekara talatin da biyar tana taka keke a unguwar nan ta Kafanchan, kuma ba ta taɓa zubar da ƙyalle ba. Abin da almakashi ya rage, cikin matashi take cusa shi. Yau guntu ɗaya take nema a cikinsu, saboda Baba Silvanus mai hoto, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidansa da nata. Likita ya sallamo shi gida da ciwon zuciya, ya gaya wa 'yarsa Jacinta ta kira dangi.

Duk wanda ya girma a garin ya san Baba Silvanus. Dogo ne, siriri, kyamara rataye a wuya, daga tashar jirgi zuwa kasuwa a ƙafa. Ba ya cewa kowa ya tsaya ya gyara riga. Masu dakon citta, 'yan acaba a gindin mangwaro, 'yan Zumuntar Mata suna dawowa daga coci, yadda ya same ka haka zai ɗauke ka. Kafin ya danna yakan runtse ido rabi, wai sai launi ya mutu yake ganin haske da inuwa. Hoton biki da na fasfo yakan yi su da launi don cin tuwo, amma na titi, da duk na matarsa, baƙi da fari ne. Hali zanen dutse.

A kan wannan suka shekara talatin suna faɗa ta saman katanga.

"Baba Foto, ka kashe min aiki! Na ɗinka wa mata kaya kala-kala, ka mayar min da su toka."

"Tela, kala surutu ne. In zane yana ihu, wa zai ji fuska?"

Takan yi tsaki, amma a ranta ta sani babu mai ido irin nasa. Hoton mahaifiyarta da ya ɗauka tana tankaɗen acca, har gobe Angelina ba ta iya kallonsa ba ta ji ƙwalla ba.

Jiya da ta kai masa kunu ta same shi riƙe da wani hoto. Marigayiya Miriyam ce, matarsa, tana tsallaka titi a bakin kasuwa da tiren lemu a ka, ta waiwayo tana dariya don wani ya kira ta. Zanen da ke jikinta mai ganye-ganye ne manya.

"Tela, ke kin ɗinka wannan. Wane kala ne?"

Ta ɗauka tsokana ce, sai ta ga ba wasa yake yi ba.

"Tun Lahadi ina nema a kaina, babu. Ina tuna muryarta, ina tuna wanda ya kira ta. Kalan ya gudu."

"Shuɗi ne," in ji Angelina da sauri.

"Kin duba ƙasa kafin ki faɗa. Kada ki yi min ƙarya, na roƙe ki."

Jacinta ta ɗauki hoton da wayarta, ta ce akwai abin da ke sa wa tsohon hoto launi. Ya fito da zanen ruwan hoda. Baba ya juya fuska bango.

"Wayar ta san Miriyam?"

Angelina ta koma gida tana tunani. Mutumin da ya ba rabin gari fuskokin iyayensu zai tafi yana neman abu ɗaya tak, kuma ta hannunta abin ya bi.

Yau kuwa, a cikin matashin A'i na biyu suka samu. A'i ce ta fara ɗago shi, ganye-ganye manya, ja. Angelina ta ce "Na gode Yesu," ta miƙe za ta fita, sai ga wani ya faɗo, zane iri ɗaya, kore. Suka ƙara tonawa, ga na uku, rawaya. Nan ta tuna. A shekarar atamfar nan ta shigo gari kala uku, mata da yawa sun kawo mata ɗinki.

"To wanne ne?" in ji A'i.

"Ban sani ba."

"Ki zaɓi ɗaya mana ki kai masa. Wa zai ƙaryata ki?"

"Shi."

Da la'asar ta shiga da duka ukun. Numfashinsa ya yi nauyi fiye da na jiya. Jacinta ta tallafo shi, ta jingina shi da kafaɗarta.

"Baba Foto, na kasa. Ga su nan uku. Ɗaya nata ne, amma Allah ya sani ban tuna ba."

Bai yi fushi ba. Ya ce a buɗe taga. Ya sa aka jera ƙyallayen a kan zanen gado, hoton a gefensu, sannan ya runtse ido rabi. Ya nuna hoton da ɗan yatsa.

"Kin ga ƙofar nan a bayanta? Shagon Ƙasimu mai agogo. Ja ce, ni na san ta. Dubi yadda ta fito, duhu, saura kaɗan baƙi. Zanen ya fi ta haske." Ya ture jan da ɗan yatsa. Ya huta, ya ja iska. "Lemun nan nunannu ne, na Disamba. Rawaya haka yake fita, fari-fari. Zanen bai kai su ba." Ya ture rawayan.

Koren ya rage shi kaɗai. Ido ba mudu ba, amma ya san kima.

Sai ya buɗe idanunsa duka, abin da Angelina ba ta saba ganin ya yi wa hoto ba. Ya daɗe yana kallo.

"Kore," ya ce. "Ranar Asabar ce. Ta ce min in ga sabon zanenta, na ce mata ya yi kyau. Ban ma duba ba, ina duba inuwa." Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Ashe haka mutane suka gan ta."

Hawaye ya zubo wa Angelina, ta ji haushin kanta, ta koma tsokana don ta ɓoye.

"Yau dai ka yarda. Da ka ɗauka da kala, da ba mu sha wahalar nan ba."

"A'a, Tela. Da na ɗauka da kala, da zanen za ku riƙa gani. Dubi dariyar nan." Ya numfasa. "Amma ba ni almakashi."

Hannunsa bai iya riƙewa ba, don haka ita ta yanka, yana nuna mata inda za ta bi, nan a rage, nan a karkata. Aikin minti biyu ya ɗauke su kusan ashirin, don sau uku yana cewa bai yi ba. Bayan nan ya ce ya gaji. Jacinta ta kwantar da shi, ta fara rera waƙar coci a hankali.

Washegari da hantsi Angelina tana kan keke ta ji kukan Jacinta ta saman katanga. Ta cire ƙafa daga feda, ta gyara ɗankwali ta shiga.

An riga an rufe shi. Tagar tana buɗe yadda ya ce a bar ta, rana ta sauko kan ɗan teburin da ke gefen gado. Hoton yana kwance a wurin, Miriyam tana tsallaka titi, fuskarta da dariyarta baƙi da fari, koren ƙyallen kuma ya zauna daidai daga ƙugunta zuwa idon sawu.