Murfin Ɗakin Auta

Tun da ɓarin jikinta ya shanye, matar mai gilashi ba ta yarda ta sa loma a baki sai ta ga Auta ya ci. Auta ba mutum ba ne, wani tsohon kunkuru ne da ta raina tun yana kamar murfin kwalba, tun kafin 'ya'yanta su girma su watse. Mijin kan tsokane ta, wai a cikin 'ya'yan nata shi kaɗai ya gado saurinta. Da can takan rama. Yanzu baki ya karkace, sai dai ta harare shi da idon da ya rage mata, shi kuwa ko hararar daɗi take masa.

Duk lokacin sanyi kunkurun na cikin kwali a gindin gadonta. Da gari ya ɗumama sai ya dinga kartar kwalin, ya ƙi ganye, ita ma ta ture kwanonta. Tsohon mijin nata ya ga abin ya wuce wasa. Ya kwaso ragowar katako daga shagonsa, ya kafa wa Auta ɗaki a tsakar gida daidai ƙarƙashin tagarta, ya shimfiɗa falanki a ƙasa kada ya tona ya fice, ya zuba yashi da farantin ruwa.

Babbar 'yarsu ta bugo waya ta ce a rufe saman da raga saboda karen maƙwabta. Ya ce raga aikin masu kiwon kaji ne, kuma uwarta ba za ta ga komai ta cikin ragar ba. Mutumin da ya tsufa yana yankan gilashi, a ce masa raga! Ya ɗauko mafi kaurin da yake da shi, ya yanka, ya zaunar da shi daram. Abin alfaharinsa ke nan tun yana saurayi, tagar da ya haɗa iska ba ta ratsa ta. Da rana yakan tokare murfin da guntun katako, ya zauna gadi.

Dabara ta yi. Kullum sai ya jingina ta da matasai, ta leƙa ta ga Auta yana yagar ganyen salak, ita ma ta buɗe baki. Har kumatu ta fara yi.

Ranar komawa asibiti gari ya waye a lumshe, karen nan kuwa yana ta shinshinar katakon. Tsoho ya zare tokarin, ya rufe murfin ruf, suka tafi. Layi ya yi tsawo, likita ya makara, hadari ya washe, rana ta take. Yana zaune kusa da keken guragun da matarsa ke kai ya hango wani direba ya buɗe motarsa da ke rana, ya ja da baya yana fifita fuska. Nan ya tuna da murfin da ya rufe ruf a kan Auta. Shi da ya san gilashi fiye da kowa! Ba kuma halin ya bar ta a layi ita kaɗai.

Da suka dawo ya kwantar da ita, ya fita da sauri. Yana ɗaga murfin zafi ya daki fuskarsa kamar bakin tanda. Faranti ya bushe ƙayau. Auta na kusurwa, wuya a miƙe, ya tona yashi har ya tarar da falankin. Tsoho ya kwara masa ruwa, ya sake kwarawa, ko motsi. Garin neman gira ya rasa ido. Ya durƙusa ya yi kuka mai ɗaci, yana toshe baki kada ta ji.

Da ya share hawaye ya gyara wa Auta kwanciya, ya ajiye sabon ganye a bakinsa, ya mayar da murfin, har ya goge gilashin da hannun riga. Sannan ya ɗauko abincinta ya jingina ta. Ta daɗe tana kallo. Ya ce zafi ne ya sa shi barci. Ta juyo da idon nan ta dube shi, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

"Buɗe masa ya sha iska, Malam," ta ce da ƙyar.

Ya fita ya buɗe, ya dawo ya ɗebo cokali ya kai bakinta.

"Ci mana, tsohuwata. Ko kaɗan ne."

Ta kau da kai wajen taga.

"Sai ya ci," ta ce. "Ina jira."

Ya zauna a bakin gadon da cokali a hannu, har abincin ya huce.