Shekarar da Lenga Ta Yi Ja da Wuri

Mu a gidanmu dajin itacen lenga ne ke faɗin ranar sauka daga dutse. Babana Nolberto zai fito ƙofar bukka da ƙoƙon shayinmu na mate a hannu, ya kurɓa, ya ɗaga kai ya dubi itatuwan da suka rufe gangaren da ke fuskantarmu. In ganyen kore ne, ya koma ciki. Ranar da ja ya fara bayyana daga can sama kamar garwashi, sai ya ce a ɗaure kaya, kuma ba a yi masa musu.

Haka muka taso. A ƙarshen Nuwamba, farkon rani ke nan a nan kudancin duniya, mu kora awaki mu hau, su ci ɗanyar ciyawa su yi ƙiba, filinmu na ƙasa kuma ya huta ya tara abin da za su ci da hunturu. A Afrilu lenga ta yi ja, mu sauka kafin dusar ƙanƙara ta toshe mashigi. In ka yi jinkiri, ƙanƙara ta binne ka a sama. In ka yi gaggawa, awaki su cinye abincin hunturu tun rani bai ƙare ba. Baba ya fi tsoron na farkon, kuma yana da dalili. Yana saurayi, yayansa Ceferino ya ga ja ya ce bari awaki su ƙara 'yan kwanaki. Sai da ƙanƙara ta narke aka samo shi a bayan wani dutse, garken a zube kewaye da shi.

An ɗauki shekaru dajin yana canjawa, kowa ya gani, ba wanda ya faɗa. Ƙanƙarar hunturu ta rage kauri. Ganyen ya ƙanƙance. Ƙananan itatuwan da ke tsirowa ƙarƙashin manya sai su fito su bushe kafin su kai gwiwa. A shekarar da nake ba da labari kuwa, tun hawanmu ba a yi ko yayyafi ba, marmaron bayan bukka ya koma ɗiga, sai ka ajiye tulu ka je ka yi wani aikin ka dawo.

Da safiyar wata rana a farkon Fabrairu ina tatsa, na ji Baba ya ce, "Herminda, ki gaya wa mijinki ya kamo dawaki."

Na ɗago. Saman gangaren ya juya launi.

"Baba, Fabrairu fa muke ciki."

"Ni na ce miki Afrilu ne? Dubi dutse."

"Na duba. Ga gumi nan a wuyanka tun rana ba ta ɗaga ba. Wane hunturu ne zai zo a wannan zafin?"

"Wanda ya zo wa Ceferino, shi ma rana ake yi."

Na ajiye ƙwaryar nonon na hau gangaren da ƙafa, raina a ɓace. Da na isa na kamo reshe na duba. Jan Afrilu na san shi, ganye ne mai laushi, mai sheƙi, in ka tsinke shi yana lanƙwasa. Wannan kuwa launin tsatsa ne, gefensa a nannaɗe. Na cika aljihu na sauko, na murza guda a tafin hannunsa, ya zama gari.

"Wannan ba ja ba ne, Baba. Ƙonewa ce."

Ya hure garin. "Ganye dai ya juya. Yaushe kika fara koya wa itace aikinsa?"

Na juya wajen mijina Rosamel ko zai sa baki. Rosamel mutumin kirki ne, amma in gida na cin wuta zai fara tambaya ko kowa ya sha mate. Ya murza hularsa ya ce, "Don Nolberto, da mun ɗan jira mu ga..."

"Garken wa ne?"

"Naka ne."

"To, kamo dawaki."

Na yi ta faɗa har muka gama ɗaurin kaya. Na ce filin ƙasa bai huta ba, na ce awakin ba su gama cikowa ba, har haƙarƙarin wasu ana gani. Na faɗi abin da bai kamata 'ya ta faɗa wa uba ba, na ce idonsa ne ya mutu yake ganin ja a ko'ina. Ya ci gaba da jan igiya, yana ta waiwayen saman dutse, a nan na gane tsoro ne ya cika shi, ba taurin kai kaɗai ba.

Hanyarmu ta bi ta gaban bukkar Doña Audelina, maƙwabciyarmu a dutse, gwauruwa ce sa'ar Baba, tun suna yara suke tsokanar juna. Tana zaune a inuwa tana kaɗa gashin akuya, ta ga garke na tafe.

"Nolberto, ina zuwa da tsakar rani? Ko wata ce ta yi maka alkawari a ƙasa?"

"Ke dai zauna, tsohuwa. In an tono ki zan zo gaisuwa."

"Ka zo da nama, kar ka zo hannu rabbana kamar yadda ka saba." Ta dubi gangaren, ta dube shi, dariyar ta ragu. "Da gaske kake? Ai ko sauro bai tafi ba."

"Itace bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Ni ma bai taɓa yi mini ba. Amma bana ban gane abin da yake faɗa ba, shi ya sa zan zauna."

Muka sauka cikin zafin da ba a taɓa kora garke a cikinsa ba. Duwatsun hanya suna ƙona kofato, raffukan da muka saba shayarwa sun zama yashi. Tsofaffin awaki suka riƙa kwanciya, Rosamel na ɗora su a doki ɗaya bayan ɗaya har ya rasa wurin ɗorawa.

Filin ƙasa ya tarbe mu da 'yar ciyawar da ta fara tasowa, ba ta ko yi iri ba. Awaki suka faɗa mata. Ina tsaye ina kallo suna cinye abincin hunturun Yuli da Agusta a gabana, ba yadda zan yi, ba a ɗaure bakin akuya.

Fabrairu ya ƙare, Maris ya shiga ya fita, sama tas. Kullum da safe Baba zai ja kujera ya zauna yana fuskantar duwatsu, ya ce, "Herminda, sun yi fari?" In ce a'a. Ya ce, "Tana tafe." Da farko haushi yake ba ni. Daga baya na lura da abin da yake jira, abin ya ba ni tsoro: mutumin da bai taɓa cutar ko ƙuda ba yana zaune yana fatan ƙanƙarar da in ta zo za ta binne Audelina, don dai a ce itace ya yi gaskiya. Ban ce ya san haka yake fata ba. Amma ni na sani, kuma na kasa kallonsa.

Audelina ta sauko a ƙarshen Afrilu, awakinta suna rangaji don ƙiba. Ta tsaya a ƙofar shingenmu. Na ɗaure fuska ina jiran tsokana. Ta dubi filin da ya zama ƙasa tsirara, ta dubi namu awakin, ta ce, "Sannu, Nolberto." Shi ke nan. Ta sa aka sauke mana damin ciyawa daga alfadarinta, ta wuce. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Hunturun ya zo a makare, babu ƙanƙarar kirki, sai iska mai yanka da sanyi busasshe. Awaki suka ci ƙaya, suka ci ɓawon shinge, suka ci kwalin da na toshe taga da shi. Rosamel ya ba da dokinsa aka ba shi ciyawa, ta ƙare kafin sanyin ya ƙare. Duk safiya sai mun janye wadda ba ta tashi ba. Na feɗe har wuƙa ta yi mini kanta a hannu, fatun ma ba su da wani amfani, duk sun zube gashi.

Amma haihuwa ce ta karya ni. A Oktoba uwa za ta haifi ɗa, ta shinshine shi, ta juya ta tafi, domin babu ko ɗigo a hantsarta. Na kwaso su na cika kicin da su, ina ɗura musu ruwan garin alkama da kwalba. Kukansu kamar na jarirai. Su yi kuka yau, gobe su yi ƙasa-ƙasa, jibi in fitar da su. Garken da kakana ya bar wa Baba, wanda in ya bazu ba ka ganin ƙarshensa, ya dawo abin da kare ɗaya ke iya tattarawa.

Baba ya daina zama a waje. Abinci ma sai na tsaya a kansa. Wata rana ina ba shi mate ya riƙe ƙoƙon bai sha ba, ya ce, "Sun yi mini ƙarya."

"Su wa?"

"Tun ina goye nake dubansu. Ban taɓa sare ɗanye ba, ban taɓa barin wuta kusa da su ba. Su rasa wanda za su yaudara sai ni." Daga nan ya zage su, zagi irin wanda ake yi wa mutum, har da uwa. Ya ce ba zai sake taka dutsen ba.

Ya taka, domin babu wanda za mu bar shi da shi. A ƙarshen Nuwamba muka ɗora shi a kan tsohuwar goɗiyarsa, ni da Rosamel muna tafe a ƙasa da abin da ya rage. Da muka kai mashigi, inda dajin ke fara bayyana, ya sunkuyar da kai da gangan, kamar mai wuce ƙofar wanda suke gaba.

Ni ce na tsaya. A wannan lokacin na shekara gangaren kan yi kore shar, sabon ganye har ɗaukar ido yake. Yanzu wani siririn kore ne kawai ya bi bakin rafi. Daga nan zuwa sama toka-toka ne, rassa tsirara, kamar hunturu ya manta bai tafi ba.

Ya lura na tsaya. "Mene ne?"

Na nuna masa gangaren. Ya ɗago, ya ƙanƙance ido, ya daɗe.

"Ba su fito ba tukuna," in ji shi. "Sun makara."

"Baba, na bakin rafi sun fito."

Ya ce a sauke shi. Ya hau gangaren da sanda, ina biye, yana tsayawa yana haki. Ya isa itacen farko, wani babba da mutum biyu ba sa rungumewa, ya zaro wuƙa ya kankare ɓawon. Ciki busasshe ne, launin ƙasa. Ya matsa na gaba ya kankare. Ya kama wani reshe, ya karye a hannunsa da ƙara. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har na daina binsa na tsaya ina kallo. A ƙarshe ya zauna a gindin wani, ya ajiye wuƙar a cinya.

"Ashe ƙishirwa ce," ya ce.

"Ita ce, Baba."

"Duk kwanakin nan ina zaginsu." Ya dafa saiwar da ke gefensa. "Suna mutuwa ne, ni kuma na ɗauka da ni suke magana."

Na zauna kusa da shi. Na daɗe ina jiran ranar da zai yarda na fi shi gaskiya, ga ta ta zo, kuma da zan iya da na mayar da ita. Kuka na yi, shi bai yi ba.

Can ƙasa Rosamel ya ɗaga murya yana tambaya ko a kora awakin bakin rafi ko a bar su a fili. Na jira Baba ya amsa. Bai ko juya ba.

"Ke yake tambaya," ya ce. "Naki ne daga yau. Ranar hawa, ranar sauka, duk ke za ki faɗa. Kar ki tambaye ni."

"Ni ban san ranar sauka ba, Baba. Busasshen ganye kawai na gane."

"Ni ma ban sani ba, 'yata."

Rosamel ya sake kira. Awakin sun fara bazuwa cikin matattun itatuwan suna neman inuwa, na tashi na sauka ban san abin da zan ce masa ba.