Baƙar Giyar Baturen Shanu

Idan mutum ya tsare bakinsa daga haram, tsarewar kuma ta ja wa wani wahala, me aka rubuta masa, lada ko zunubi? Na tambayi malamai a Kankia, kansu ya rabu. Ni kam har yau ban sani ba.

Mamuda kukun Baturen shanu ne, wanda ke bin rugage yana yi wa garke allura. Ya daɗe a aikin har ya gaji da shi. Ya dafa abin da ba zai ci ba, ya wanke tambulan, ya buɗe kwalaben giya ba iyaka, amma bai taɓa kai ɗaya bakinsa ba. In Baturen yana cikin nishaɗi yakan miƙo masa ya ce, "Kuku, ɗanɗana." Shi kuwa sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a yafe mani."

A bazarar nan suka taso daga Kankia suka sauka Kusada. Abubuwa ba daɗi. Shanu sun mutu a wata ruga wajen garin Ƙofa bayan allura, Fulani sun daina amsa gaisuwa. Baturen kuma zazzaɓi ya ci shi, ya rame, ko tari aka yi a bayan rumfarsa sai ya zabura.

Mai ɗebo masu ruwa Gajere ne, taubashin Mamuda, dattijo mai surutu, kurkunu ya kumbura masa ƙafa yana jan ta. Shi ke sanyaya giya, yana nutsa kwalabe cikin randa a gindin tsamiya. Da wani abokin Baturen ya aiko da sabon akwatin giya daga Kano, Gajere ya zuba su duka cikin randar tare da tsofaffin. Ruwa ya jiƙa takardun jikinsu suka ɓare, ya tsame ya zubar don kada su ɓata ruwan. Kwalabe suka zama iri ɗaya, ba mai bambance sabuwa da tsohuwa.

Bayan la'asar Mamuda ya ciro ɗaya ya tsiyaya. Ta fito baƙa ƙirin, da kauri, kumfarta ruwan ƙasa. Baturen ya kurɓa, ya furzar, ya miƙe tsaye.

"An sa wani abu! Wa ya taɓa kwalbar nan?"

Kowa ya san Gajere ne, kuma da safe an gan shi a ruga ya je karɓo madara. Nan take Ɗanmaliki, dogarin da hakimi ya haɗa su da shi, ya ɗaure masa hannu. Baturen ya ce gobe a kora shi Katsina a ƙasa.

Mamuda ya ɗauki tambulan ya sansana. Ƙamshin da yake sha kowace safiya ne in yana soya wa Baturen gahawa.

"Ranka ya daɗe, gahawa ce a ciki. Ina jin cikin sababbin ce, haka aka yi ta."

"Wa ke sa gahawa a giya?"

"Ni ma ban sani ba, ranka ya daɗe."

Gajere ya ɗaga murya daga waje ya ce a ba shi ya shanye, amma Ɗanmaliki ya ce ai mai sa guba da makarinta yake kwana. Baturen ya turo tambulan gaban Mamuda.

"Kai ka ce gahawa ce. Sha. In ka sha, a sake shi."

Mamuda ya dubi kumfar tana lafawa. Ya ce, "A yafe mani." Ya fita.

Ya tarar da Gajere zaune gindin tsamiya, ya miƙe kumburarriyar ƙafar, ƙudaje na bin ta.

"A'a, ga waliyyin kicin! Ka ƙi ko?"

"Na ƙi."

"Madalla. In ka shiga Aljanna ka ajiye mani wuri bakin ƙofa, ko na mai ɗebo ruwa ne."

"Gajere, bar wasa. Mi ya kai ka zubar da takardun?"

"Yo ni karatun Nasara na iya? Datti na gani cikin ruwa na kwashe." Ya shafa ƙaurinsa. "Bar shi, ɗan gwaggo. Kar ka ɓata sallarka don ni. Katsina ai ba Makka ba ce. In na faɗi a hanya Ɗanmaliki ya goya ni."

"Allah ya kiyaye," in ji dogarin, bai ko yi murmushi ba.

Mamuda ya tsuguna. Ya san hanyar Katsina, ya bi ta a ƙasa, yana bin bayan doki da lafiyayyun ƙafafu, bai ji daɗinta ba. Ya san kuma an yi wa mai larura rangwame, amma larurar wa? Shi ba a ɗaure yake ba, ba wuƙa a wuyansa. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, ba ta zauna ba. Ƙafar Gajere dai tana nan gabansa tana tsiyayar ruwa.

Ya tashi da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya koma rumfa. Baturen na kishingiɗe yana gumi, tambulan na inda ya bar shi. Mamuda ya kai hannu. Bismilla ta zo bakinsa don sabo, ya haɗiye ta. Ya kurɓa.

Ya zaci zai ji ƙazanta. Sai ya ji sanyin randa tukuna, sannan ɗaci mai nauyi irin na gahawar da ta ɗan wuce wuta, a ƙarƙashinsa wani zaƙi kamar ƙanzon tuwon dawa. Ta sauka a hankali, ta bar ɗumi a ƙirjinsa, ɗacin ya daɗe a bayan harshe kamar na goro mai kyau. Abin da ya tsorata shi ke nan: an iya yin ta.

Baturen ya zuba masa ido yana jira ya faɗi. Da ya ga bai faɗi ba, ya ce cikin kasala, "Shanye duka."

Mamuda ya ɗaga tambulan ya shanye. A waje ya ji Ɗanmaliki yana tsaki, ƙullin igiyar ya ƙi kwantuwa sai da ya sa haƙori.