Alkakin da Bai Kwana Ba

Duk wanda ya san Juwairiyya matar Ladan a Makarfi, da alkaki ya san ta. Yanzu ma har waɗanda ba su taɓa taka Makarfi ba sun san ta, don tun da ta fara saka hotunan kayanta a waya shekara uku da suka wuce, odar Kaduna da Abuja ba ta yanke ba. Mata shida na unguwa a gidanta suke wuni, wata na murza, wata na suya. Ladan da ya saba jidar mazarƙwailarsa zuwa kasuwa yana rantse-rantse da masu taya ta a wulaƙance, yanzu rabinta a tukunyar matarsa take ƙarewa. Direbobin tasha kuwa har rige-rigen ɗaukar saƙonta suke yi. An taɓa gayyatar ta wani taro a Ikara aka tsayar da ita gaban mata, wani mai dogon Turanci ya ce irinta ne ke ɗaga tattalin arzikin ƙasa. Ta dawo gida tana tafiya kamar ƙasar a kanta take.

Amma kafin waya, akwai Inna Uwaliya.

Inna Uwaliya dillaliya ce daga Gubuchi, ƙawar mahaifiyar Juwairiyya tun suna 'yan mata. Ta fi shekara talatin tana shiga gidajen Gubuchi da Paki da Kudan da ƙunshi a ka. Ita ta fara fitar da alkakin Juwairiyya lokacin tana amarya, ba ta da komai sai kasko ɗaya da hannu mai kyau. Dillanci kuwa yana da ƙa'idarsa, wadda Inna ta riƙe kamar karatun sallah: dillaliya ba ta faɗin mai kaya. Ko za ka shekara kana bugun cikinta, abin da za ta ce maka shi ne, na wata baiwar Allah ne. Saboda haka matan Paki ba su san wata Juwairiyya ba. Alkakin Uwaliya suka sani, kuma in ta kawo, ba a buɗewa a duba.

Bayan ƙaramar sallah Inna ta zo da magana. Hajiya Sharifa ta Paki za ta aurar da 'yarta Halimatusa'adiya, wadda ke koyarwa a firamare, kuma tana son kwalla biyu na alkakin gara, wato kayan da iyayen amarya kan kai gidan ango bayan tarewa. Ta faɗi ranar, ta maimaita. Juwairiyya ta ce an gama, idonta na kan waya tana amsa wa wata mata a Kaduna. Duk odar da ta shigo ta waya tana nan a rubuce, kullum sai ta gan ta. Ta Inna kuwa da baki aka yi ta, kamar yadda aka saba tun fil azal, sai ta bi iska.

Ba ta tuna ba sai wata Talata da hantsi, da Inna ta aro wayar maƙwabta ta kira ta ce za ta zo ɗauka bayan la'asar, don gobe da safe za a kai garar.

Shi alkaki ba a yi masa gaggawa. Ɓarzajjiyar alkama ake kwaɓawa a rufe, ta kwana, wani sa'in kwana biyu, har ta yi tsami ta saki jiki, sannan a murza a naɗe a soya a tsoma a ruwan zaƙi. Juwairiyya tana da irin wannan kwaɓin a ɗaki, ya kwana biyu cif, ƙamshinsa har tsakar gida. Sai dai na wata Hajiya Mukarrama ne ta Abuja, mai shirya bukukuwan manya, wadda ta riga ta tura kuɗinta kuma motar da za ta kai mata da yamma za ta tashi.

Nan fa ta tsaya a bakin ƙofa tana saƙa da warwara. Hajiya Mukarrama mutum dubu saba'in ke bin shafinta. In ta rubuta layi biyu na ɓatanci, kasuwar da aka gina shekara uku ta rushe, mata shida su koma gida. Inna kuwa me za ta yi? Iyakaci ta yi shiru. Juwairiyya ba ta furta wannan ba, ko a zuciyarta ba ta bari ya fito fili ba, amma shi ne lissafin da ta yi, kuma a kansa ta yanke hukunci. Da ta kira Inna ta ce ta manta, da tsohuwar ta san dabarar da za ta yi. Kunya ta hana ta, irin kunyar nan mara amfani da ke sa mutum ya guje wa ƙaramin abin kunya ya faɗa babba.

Aka soya mai kyau aka cika robobin Abuja. Aka kwaɓa sabuwar alkama aka zabga mata yis da kanwa, aka ajiye a rana awa biyu, wai ta tashi. Jamila, babba cikin masu aikinta, ta murza kwaɓin ta ɗago ta dube ta. Juwairiyya ta hau ta da faɗan da ba shi da dalili, wai ba ta da sauri. Da aka gama, ita da kanta ta jera na gaggawar a kwallaye biyu, ta ɗebi ragowar mai kyau ta shimfiɗa a sama, ta rufe ta ɗaure da sabon ƙyalle.

Inna ta iso da ɗan A-daidaita bayan la'asar. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Gubuchi ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar da ta haihu. Juwairiyya, da bakinta, ta ce ko za a kwance a duba. Inna ta yi dariya ta ce yau kuma? Ta sa mata albarka, ta kinkimi kwalla ɗaya, direba ya ɗauki ɗayar, suka tafi.

Kashegari Hajiya Mukarrama ta saka hoton alkakin a shafinta da yabo har da addu'a. Kafin azahar oda tara ta shigo. Ladan ya ce wannan ai sai a yanka kaza. Aka yanka, Juwairiyya ta kasa cin ko tsoka ɗaya, ta ce masa ciwon kai take yi.

Labarin Paki bai zo mata ta bakin Inna ba. Ranar Juma'a wata baƙuwar lamba ta kira, mai maganar ta ce ita ce Hajiya Sharifa daga Paki, a waya 'yarta ta gano mata shafin Juwairiyya. Bayan gaisuwa sai ta ɓalle da ba da labari, kamar wadda ta daɗe tana neman kunnen da zai saurare ta. An kai gara gidan ango, dangin miji sun taru, an kwance kwalla a gaban kowa. Na sama lafiya lau. Da aka zo rabon maƙwabta aka kai ga na ƙasa, wata gwaggon ango ta gatsa, haƙorinta ya kusa zama a ciki, ga ɗacin kanwa. Ta ɗaga shi sama ta tambaya ko na ginin katanga ne aka kawo musu. Amarya ta wuni tana kuka a ɗaki, kuma har yau in za a tsokane ta a gidan, sai a ce a miƙo tubali.

Hajiya Sharifa ta ce ta sa an kira mata Uwaliya a gaban mata, ta tsare ta sai ta faɗi wacce marar tsoron Allah ce ta yi wannan aiki. Tsohuwar ta durƙusa ta ce laifinta ne, ita ta karɓo, ita ta kawo, a yi haƙuri. An yi juyin duniya ta faɗi suna, ta ƙi. To shi ke nan, in ji Hajiya Sharifa, an gane ita ke haɗa algus ɗin da kanta don ta ci riba biyu. Yanzu babu gidan da zai ƙara buɗe mata ƙofa a Paki, kuma maganar ta riga ta kai Kudan.

"Da na san da ke, 'yar nan, da ban bi ta kan tsohuwar banza ba," in ji ta. "Ki yi mini kwalla biyu masu kyau in wanke wa 'yata fuska. Lambarki kuma na raba wa matan unguwarmu."

Juwairiyya ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, kalma uku ce kawai: ni na yi. Sai ta ji kanta tana cewa, "Allah ya kyauta, Hajiya. Za a yi in sha Allahu."

Ta ajiye wayar ta ji ta tsani kanta, tsana irin wadda ba ta taɓa yi wa kowa ba. Kwana huɗu tana kewaye-kewaye a gida, ta ɗauki mayafi ta ajiye. Oda daga Paki ta fara shigowa, gidajen da Inna ta yi shekara talatin tana shiga, yanzu suna turo saƙo da hoton katin biki. Kowanne ya shigo sai ta kife wayar. A rana ta biyar ta faɗa wa Ladan komai. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ya tayar da babur kawai ya ce ta hau.

Sun sami Inna a tsakar gidanta a Gubuchi da rana tsaka, lokacin da a da ba a taɓa samun ta a gida. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ladan ya gaishe ta ya koma zaure. Inna ta kawo ruwa, ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa, ta ce ta ji an ce har Abuja ana yabo, Allah ya ƙara buɗi. Juwairiyya ta kasa jurewa, ta zube a gabanta ta faɗi yadda aka yi tun daga mantuwar har zuwa wayar Hajiya Sharifa, ba ta rage komai ba. Ta ce daga nan Paki za su wuce, ta faɗa a gaban kowa.

Inna ta girgiza kai ta ce ba za a yi haka ba. In Juwairiyya ta je, cewa za a yi Uwaliya ce ta turo ta don ta wanke kanta, a ce da ta ji wuya ta tona mai kaya. Mutanen Paki sun riga sun ɗauka ita maha'inciya ce. Kada a ƙara mata da mai tonon asiri, don riƙon asirin nan shi kaɗai ya rage mata. Ga kuma mata shida da ke ci a ƙarƙashin Juwairiyya. Ta ce Juwairiyya ta yi wa Hajiya Sharifa alkakinta mai kyau, don yarinyar can ba ta da laifi.

Juwairiyya tana share hawaye ta tambaye ta abin da ya fi damun ta, me ya sa da aka ce ta kwance ta duba ta ƙi.

Inna ta daɗe tana juya ƙwayar gyaɗa a tafin hannu.

"Tun da na ɗaga kwallar na ji nauyinta ya yi yawa," ta ce. "Alkakin da ya kwana ba ya nauyi haka, shekara nawa ina ɗauka. Har mun kai kwanar Paki raina bai kwanta ba, na ce da yaron ya tsaya, na sa hannu a kan ɗaurin. Sai na ce a'a, Juwairiyya ce fa. Tsufa ne ya fara cin hannuna."