Ƙofar Baba Mai Famfo

Saura kaɗan in bar maganar nan a cikina. Ni ba mai yawan magana ba ce, sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Amma duk lokacin da na buɗe famfonmu sai abin ya taso mini, to gara in faɗa.

Ranar Talata ce, ina kan keken ɗinki, na ji ana sauke bulo a bayan katangarmu. Na leƙa ta ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidanmu da na Baba Mai Famfo. Ga magini yana kwaɓa siminti a tsakar gidan, ga Dillali tsaye da waya biyu a hannu, ga kuma Yaya Babba, ɗan Baban, wanda ke zaune can cikin gari, sai bayan mako biyu muke ganin motarsa.

"Yauwa, ga maƙwabciyar," in ji Dillali. "Ƙanwata, ja da baya kada siminti ya ɓata miki zane. Ƙofar nan za a toshe."

Unguwarmu ma'aikatan masaƙa ne suka kafa ta, shekara arba'in da wani abu, lokacin nan duk gonaki ne, mota ma ba ta shigowa. Gida ashirin da huɗu ne a layinmu, duk fasali ɗaya: ɗaki uku, tsakar gida, bishiya ɗaya. Baba shi ya jawo wa layin ruwa, bututu guda ya ratsa gidajen duka. Don kada ya riƙa zagayawa ta titi in wani wuri ya fashe, sai ya roƙi kowa ya bar ƙaramar ƙofa a katangarsa. Haka abin ya zauna. Umma, mahaifiyata, ta ce a da mace za ta ɗebi garwashi a gidan farko ta kai shi gidan ƙarshe ba ta taka titi ba.

Masaƙa ta mutu, tsofaffi suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Gari ya yi ta matsowa har ya same mu, aka zuba kwalta, 'ya'ya suka fara sayarwa. Duk gidan da aka saya sai a rushe, a sare bishiyar, a tayar da bene, a ja katanga har ba ka ganin rufi, a ɗora mata waya mai ƙaya. Cikin ƙofofi ashirin da uku, tamu kaɗai ta rage.

Ta nan nake shiga wurin Baba tun da matarsa ta rasu, ƙafafunsa kuma suka daina ɗaukarsa. In gyara masa kwanciya, in ba shi ruwa, in miƙa masa ƙwayar da yake sawa ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe shi. Bututun nan ya bi ta gefen gadonsa ya ɓullo ɗakin da nake ɗinki. In yana nemana sai ya buga cokali a jikinsa. Bugu ɗaya gaisuwa ce. Biyu, yana son ruwa ko hira. Uku, ki taho da gudu.

Muryar Baba ta fito daga ɗaki. "Wa ke kwaɓa siminti a gidana?"

"Ɗan gyara ne, Baba," in ji Yaya Babba.

Dillali ya matsa bakin taga yana washe haƙora. "Baba, mai saye ba ya son gida mai baki biyu. Jiya na kawo wani babban mutum, yana ganin ƙofar nan ya juya, ko ɗaki bai leƙa ba. Unguwar nan yanzu take ci, in aka yi sanyi kasuwa ta wuce."

"Ai ban mutu ba tukuna."

"Haba Baba, wa ya ce haka?" Yaya Babba ya ce. "Ranar Asabar zan mayar da kai wurina, kusa da asibiti. Kafin nan na ɗauki ma'aikaciyar jinya, safe da yamma za ta riƙa zuwa."

"Amarya!" Haka yake kirana tun ina rarrafe, wai ni ce zan maye gurbin uwargidansa. "Kina jin su za su raba aurenmu, kin yi shiru?"

Suka yi dariya. Yaya Babba ya juyo gare ni. "Ƙanwata, ko kina da magana?"

Ina da magana. Maza uku suna kallona, na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi, na ce, "Babu, Yaya."

"To madalla. Zan yanko muku makullin ƙofar waje, duk ɗaya ne."

Magini ya cire ƙyauren da mahaifina ya kafa da hannunsa, ya jingine shi a gindin bishiya, ya fara jera bulo. Baba ya sake ɗaga murya.

"Kai magini, yashinka ya yi yawa. Daga nan ina jin kukan cebur. Wannan gini ko akuya ta jingina sai ya faɗi."

"Baba, abin da aka ba ni ke nan," in ji magini, bai ɗago ba.

Ina tsaye a ɓangarenmu har bulo na ƙarshe ya rufe mini ganin tagarsa.

Da Umma ta dawo daga kasuwa ta tarar da bango a inda ƙofa take, ko kayanta ba ta sauke ba ta zagaya ta titi. Ta sami ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Ta kira Yaya Babba a waya.

"Ɗana, ni na goya ka ta ƙofar nan ranar da uwarka take naƙudar ƙanwarka. Yau ita ce ta zama aibin gida?"

"Umma, yi haƙuri, gobe makulli zai iso."

Ranar Laraba da safe na ji bugu ɗaya. Na mayar masa da bugu ɗaya da almakashi. Makulli bai iso ba. Da yamma na tsare ma'aikaciyar jinyar a titi na bi ta muka shiga.

"Amarya, yanzu sai da biza ake ganina," in ji Baba. Ya rame cikin kwana ɗaya, ko kuma idona ne.

Na roƙi matar ta bar mini makullin. Ta ce guda ɗaya ne, kuma an ja mata kunne kada ta ba kowa, ita ma aikinta take tsarewa. Ban ga laifinta ba. Na matsar masa da kwalbar ƙwayar kusa da matashinsa, na ɗora cokalin a gefe, muka fito ta kulle.

Ranar Alhamis da hantsi, bayan matar ta tafi, na ji an buɗe kwaɗon. Dillali ne. Ashe shi yana da makulli. Mu da muka yi shekara arba'in muna shan ruwan bututu ɗaya ba mu da shi, shi da ya san gidan wata biyu yana da shi. Na ji ana jan kujeru, na ji yana cewa, "Baba, minti biyar, hoto kawai zan ɗauka, masu saye a waya suke dubawa yanzu." Ya gama, ya kulle, ya tafi.

Rana ta take tsaka na ji bugu uku.

Ƙafata da kanta ta kai ni ƙofar, na ci karo da bulo. Ya sake bugawa, uku. Umma tana kasuwa. A gefen katangar akwai guduma jingine, ta Baba ce ma, tun aron da mahaifina ya yi ba a mayar ba, da ita muke fasa gawayi. Na kalle ta. Wallahi na kalle ta. Sai wani abu ya ce mini ginin mutane ne, me Yaya Babba zai ce, me za a ce da ni a layi. Na bar ta a nan na fita titi da gudu.

Na girgiza ƙofar ƙarfen kamar zan ɓalle ta. Na kira Yaya Babba sau huɗu, tana ta ruri ba a ɗauka. Na buga ƙofar benen da ke kallonmu, mai gadi ya buɗe 'yar taga ya ce masu gida ba sa nan, tsanin da na roƙa kuma ya ce ba ya ba da kayan da ba nasa ba. Na buga ta gaba, kare ne ya amsa mini. Layin da a da tari ɗaya za ka yi mata biyar su shigo maka ta katanga.

Na yi ƙarshen layi wurin mai walda. An ɗauke wuta, injinsa ba ya tashi, sai zarto ya ɗauko muka taho. Yana ta yankan kwaɗon, gumi na zuba, ni kuma na dafa kan famfon da ke waje, don shi ma jikin bututun yake. Ina jin bugun a tafin hannuna. Uku. Can an jima, biyu. Zarto yana ta kuka.

Sannan ɗaya.

"Yi sauri, don Allah, yi sauri!"

"'Yar'uwa, ƙarfe ne, ba sabulu ba."

Da muka shiga, rabin jikinsa yana ƙasa, rabi a kan gado, cokalin yana hannunsa. Ɗakin ya yi fes, ban taɓa ganinsa haka ba. An shimfiɗa sabon zanen gado, an buɗe labule, an share kan tebur tas. Rediyonsa, da kofinsa, da kwalbar ƙwayar, duk an kwashe an jera su can saman kabad, inda ba za su fito a hoto ba.

Mai walda ya yi salati. Ni na rufe wa Baba ido.

Da yamma, bayan an dawo daga kai shi, maza suna zaune a ƙofar gida. Dillali ya zo, ya fi kowa ɗaga murya wurin ta'aziyya. Can ya ja Yaya Babba gefe, suka tsaya daidai tagarmu.

"Allah ya jiƙansa, mutumin kirki. To amma maganar nan, mutumin ya ga hotuna ya yaba. Gida babu kowa ya fi saurin tafiya. In ka shawo mini kan tsohuwar nan ta gefe aka haɗa biyun fili ɗaya, ai ba a magana."

Ban san lokacin da na fita ba, ko takalmi babu.

"Ina ka sa maganinsa?"

Ya waigo. "Ƙanwata, lafiya?"

"Ni ba ƙanwarka ba ce. Kwalbar da ke kusa da matashinsa, ina ka sa ta?"

Na ƙara matsawa gabansa.

"Ka ɗora ta saman kabad don hotonka ya yi kyau. Mutumin da ko zama ba ya iya yi sai an tayar da shi. Ka kulle shi ka tafi da makulli a aljihu. Hoton ya yi kyau? Nuna musu su gani!"

"Ni fa gyara ɗakin kawai na yi," ya ce, yana neman wanda zai kama masa. Ba wanda ya ɗago. Ya lalubi wayoyinsa, ya sulale wajen motarsa.

Yaya Babba ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli sabo, yana ƙyalli, ko zobe ba a sa masa ba.

"Tun ranar Talata na yanka shi," ya ce. "Na ce in na zo Asabar…" Sai kuka ya ƙwace masa, ƙato da shi, yana miƙo mini makullin.

Na ɓoye hannuna a mayafi. Umma ce ta yi magana daga bayana.

"Riƙe abinka, ɗana. Me za mu buɗe da shi?"

Mutane sun ce na yi namijin ƙoƙari. Ni na san ba ranar Alhamis da yamma ake neman bakina ba, ranar Talata ne.

Washegari da safe, Umma ta ɗora ruwan zafi, ni kuma na ɗauki gudumar. Na tsaya gaban bulon. Bugun farko siminti ya zubo kamar gari. A na huɗu na hangi bishiyarsa. A na bakwai duk ya rufta ciki. Ruwan Umma ko motsi bai fara ba.

Na tsallaka ɓaraguzan na shiga. Ƙyauren mahaifina yana nan jingine inda magini ya bar shi. Na wuce ɗakin, na taka kujera na sauko da rediyon da kofin da kwalbar, na mayar da kowanne wurinsa. Cokalin yana ƙasa gefen gado. Na ɗauka na goge shi da bakin zanena, na zauna a ƙasa kusa da bututun, na buga ɗaya.