Takardar Fitar Murja

Wata uku Murja tana bin mahaifinta, Alhaji Falalu mai ɗinki a unguwar Mansur ta Makka, a kan abu guda: ya danna mata izinin fita da dawowa a wayarsa. A Makka aka haife ta, amma a ƙarƙashin iƙamarsa take, wato takardarsa ta zaman ƙasa, in bai danna ba ko filin jirgi ba za ta wuce ba. Ga shi gobe da hantsi jirginta zai tashi zuwa ƙasar waje, inda aka ɗauke ta aiki. Kullum amsarsa "bukra, insha Allah," goben da ba ta zuwa. Kai, wannan dattijo akwai iya ja wa mutum rai!

Bayan la'asar ta same shi a shago yana yanka shadda, abokinsa Malam Mukhtaru na gefe yana kurɓar shayi.

"Baba, yau ce ta ƙarshe."

"An ce wata za ki je ki harba," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Ta harari Malam Mukhtaru, don ta san daga bakinsa maganar ta fito. Mutumin da ko fitilar wayarsa bai iya kunnawa ba, shi ne mai fatawa a kan sararin sama.

"Sau nawa zan faɗa? Haske ne, Baba! Akwai madubai da aka ajiye a kan wata tun kafin a haife ni. Daga tashar da ke kan dutse ake aika haske ya bugi madubin ya dawo, cikin daƙiƙa biyu da rabi. Da lokacin dawowarsa ake gane yadda duniya ke juyawa da yadda take ɗan karkata. Lissafin nan na yi shekara shida ina koyo. Mutum biyu suka ɗauka, ni ce ɗaya."

"Duniya tana inda Allah Ya ajiye ta," in ji Malam Mukhtaru.

"Malam, da mahaifina nake magana."

Alhaji ya buga almakashi a kan tebur. "A gabana za ki yi wa babba rashin kunya? Yayanki Ubaidullah na danna masa izinin wata biyu, yau shekara tara ban sa shi a ido ba. Ke ma haka za ki yi min."

"Laifin Ubaidullah ne zan ɗauka? Wallahi ka zalunce ni, Baba!"

Nan fa tsoho ya fusata. Ya zaro waya, ya buɗe shafin, ya juya mata ta gani. Layi biyu ne. Na sama fita da dawowa. Na ƙasa fita ta ƙarshe, wadda in aka fita da ita iƙama ta mutu, babu dawowa.

"Na gaji da zaman jiran 'ya'ya. Ko ki zauna, ko na ƙasan. Halas, magana ta ƙare."

Malam Mukhtaru ya ajiye kofi. "Haba Alhaji, abin bai kai nan ba."

Yanzu ya san bai kai ba! Ba wanda ya saurare shi.

Murja ta dubi titi. Mai masa tana ta juyi, motocin tashar Kudai na ta ham, duk abin da ta sani a duniya ke nan. Kano kuwa, garinsu na asali, sau ɗaya ta taɓa zuwa, tana goye. Ta juyo ta dubi mahaifinta.

"Danna."

Ya tsaya yana jiran ta janye. Ba ta janye ba. Shi ma taurin kan nan nasa, a gaban aboki, ya hana shi ja da baya. Ya danna.

Wayarta ta yi ƙara a jaka, saƙon ya shigo. Ta karanta, ta mayar.

"Na gode, Baba. Maganin hawan jininka yana saman firiji, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Sai ka riƙa tunawa da kanka."